Kunnen da Na Bari a Waje

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa aikin siriyal, wato haɗa na'ura da kwamfuta su yi magana ta waya, ai wasa ne, waya uku ce kawai, ku gyara zama ku ji abin da waya ukun nan suka yi mini. Gaskiyarku ne, uku ce. Ni ma ranar da na fara ganinsu dariya na yi, don na fi shekara talatin ina cusa hannu cikin rediyo da talabijin masu wayoyi cunkus. Amma saura ƙiris ukun nan su raba wani bawan Allah da aikinsa da mutuncinsa a garinsu, kuma ni ne sanadi.

Asalina mai gyaran rediyo ne. A wurin marigayi Malam Haruna na koya, a wata rumfa bakin kasuwar Daura. Shekarata ta farko bai bar ni na riƙe ƙarfen dalma ba, aikina hura gawayi, domin ƙarfensa a wuta ake gasa shi. Idan an kawo rediyo ba ya saurin buɗewa. Sai ya kunna, ya kara a kunne, ya lumshe ido, ni kuwa hannuna na ƙaiƙayi da sukundireba. Ya kan ce mini, "Sani, kai ka cika son kwance abu. Saurara tukuna." Wata rana ya ɗauko rediyon da eriyarsa ta karye, ya miƙo mini guntuwar waya, ya nuna mini inda zan taɓa. Ina taɓawa sai ga muryar mai karanta labarai tar. Ya ce, "Ka gani? Duk wayar da ka bar bakinta a sake ta zama eriya, ko ka so ko ba ka so." Na gyaɗa kai, na ɗauka na haddace ke nan har abada.

Sai aka shiga shekarar da sana'ar ta juya mana baya. Wayar hannu ta zo da rediyo a cikinta, ƙananan rediyo masu araha suka cika kasuwa, wanda nasa ya lalace sai ya jefar ya sayi wani. Na yi wata guda cur ban ɗora dalma a kan komai ba sai tocila. Abokan sana'a wasu suka koma noma gaba ɗaya, wasu suka hau acaɓa. Ni son sanin yadda abu ke aiki ne ya hana ni tashi. Na koma buɗe inbata da kayan sola, ina ƙonawa ina koyo, har aka san ni da su daga nan zuwa Dutsi.

Ta haka aikin da zan ba ku labari ya same ni. A wani ƙauye na ƙasar Sandamu akwai rijiyar burtsatse mai aiki da sola, ita ce ruwan mutanen gari, ita ce ta shanun Fulanin da ke kewaye. A ɗakin famfon an kafa akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai wata 'yar kwamfuta a kan allo ɗaya, ba ta kai tafin hannuna ba. Ita ke duba ruwan tanki, ta kunna famfo, ta kashe. Ba batir a wurin, saboda haka kullum rana ta hau farantan sola sai allon ya farka daga farko, rana ta faɗi ya mutu. Wanda ke riƙe da makullin ɗakin shi ne Idi, mutum mai sanyin magana, ya ɗan manyanta. Mai gari ne ya zaɓe shi saboda amanarsa.

Da bazara allon ya tsaya cak. Injiniya Nura, wanda ya haɗa kayan, yana Kano, ba shi da lokacin zuwa, sai ya kira ni. Na je na buɗe akwatin na tsaya ina kallo. Ba gilashin da zai nuna rubutu, ba maɓallan bugawa, sai 'yar jar fitila guda. Na kira Injiniya Nura a waya. Na ce masa, "Injiniya, wannan abin naka ba ya ƙara, ba ya wari, ba ya zafi. Ta ina ake jin ciwonsa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam Sani, yana magana, kai ne ba ka sa masa waya ba. Duba gefe, za ka ga fil uku a jere." Ya aiko mini a motar haya da 'yar adafta da ake sokawa a laftof, da wani allon na ajiya irin wancan. Na kwaso duka, har da allon ƙauyen, na dawo shago.

A fil ɗin an rubuta TX, RX, da GND. Na yi abin da kowane mai aikin lantarki zai yi, na haɗa TX da TX, RX da RX, kamar yadda muke haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Shiru. Na yi wuni ina zargin adafta. Sai da na kira Injiniya ya ce, "TX baki ne, RX kunne ne. Ka haɗa baki da baki, wa zai ji wa?" Tun daga ranar ban sake kiransu da wani suna ba. Bakin allo ya tafi kunnen adafta, bakin adafta ya zo kunnen allo. Ta ukun ita ce wayar ƙasa, wadda su biyun suke auna komai daga gare ta.

Da na sauya sai rubutu ya zubo, amma ba na mutane ba. Akwatuna, alamun tambaya, wasu haruffa da ban taɓa gani ba. Abin ya burge ni maimakon ya ba ni haushi, don ya yi mini kama da tashar da ba a saita daidai ba, kana jin ana magana amma ba ka fahimta. Ashe kuwa kusan haka ne. Dole su biyun su yarda da gudun da za su yi magana a kai. Na bi lambobin gudun ɗaya bayan ɗaya kamar ina murɗa allurar rediyo, da na kai dubu ɗari da sha biyar da ɗari biyu sai ga layuka sun miƙe ras. Na tashi tsaye ni kaɗai a shago, maƙwabcina mai sayar da taya ya leƙo ya ce lafiya.

Wayar ƙasa ita ma ta koya mini hankali. Na raina ta, na bar ta a sake-sake a kan fil, rubutu ya zo daidai na ɗan lokaci, sai ya haukace, sai ya dawo. Idan kuka ga siriyal yana yi yana bari, ku fara da ita kafin ku zargi kowa. Babbar asarar kuwa a kan allon ajiya ta faɗa. Adaftar tana da wani ɗan maɓalli na zaɓen bolt biyar ko uku da ɗigo uku. Allon uku da ɗigo uku yake so. Ni ban duba ba, ga shi na soka wayar ban kashe allon ba. Bai yi hayaƙi ba, bai yi komai ba, kunnensa ne kawai ya mutu har yau. Ranar na ɗaukar wa kaina doka: ba zan ƙara soka waya a allo ba sai na kashe shi tukuna. Ku riƙe wannan dokar a ranku, za ta dawo.

Da allon ƙauyen ya samu bakin magana, da kansa ya faɗi ciwonsa. Katin memorinsa ne ya lalace. Na sa sabo, Injiniya ya bi da ni ta waya har komai ya hau, na mayar da shi ƙauye, ruwa ya zubo. Mata suka yi ta sa mini albarka. A nan dabara ta zo mini. Akwatin nan sukurori takwas ne da shi, kuma a lungu yake, sai ka durƙusa. Na ce me zai sa in riƙa wannan wahalar duk zuwa? Na laƙa wayoyi uku masu tsawon kamu biyu-biyu, fara a kunne, shuɗiya a baki, baƙa a ƙasa, na zuro su ta ƙasan akwatin na bar su suna reto. Na ce wa Idi, "Kada ka taɓa komai a ɗakin nan. Ko makunnin nan kada ka taɓa. In ya tsaya, kira ni." Ya ce, "To, Malam." Na hau mashin ina jin kaina injiniya.

Kwana huɗu sai ga kiran Idi, rana ta ɗaga, famfo bai tashi ba. Na isa wajen azahar na tarar da jarkoki a jere har bakin hanya, shanu suna tsaye a gindin tanki suna kuka. Na shiga ɗaki, na kashe allo kamar yadda dokata ta ce, na soka wayoyin a adafta, na kunna. Ya tashi lafiya lau, layi bayan layi, babu kuskure ko ɗaya. Ruwa ya zo. Bayan kwana uku aka sake, bayan kwana biyu aka sake. Na canza kati, na canza abin da ke ba allon wuta, na auna duk abin da mita za ta iya aunawa. Kullum in ina wurin da laftof, allon nan ya fi kowa ladabi. Har yara, da suke kirana Mai Rediyo, suka fara cewa famfon tsoron Mai Rediyo yake ji.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk zuwan da zan yi, ba na samun wayoyin nan suna reto yadda na bar su. Sai in tarar an naɗe su tsaf a jikin kakkauran kebul ɗin da ya sauko daga farantan sola ya shiga inbata. A zuwa na huɗu, ga zafi, ga gajiya, ga mutane sun zuba mini ido, mai gari ya tare ni a ƙofar ɗakin ya ce, "Malam Sani, wai me ke damun abin nan ne?" Ban iya cewa ban sani ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ga alamar ana taɓa kayan nan bayan na tafi." Iyakar abin da na faɗa ke nan, na hau mashin na dawo Daura.

Makullin mutum ɗaya ne ke da shi. Kafin kwana biyu magana ta zaga gari. Wasu suka ce Idi yana cajin wayoyin mutane a ɗakin, wasu suka ce da gangan yake kashe famfo don 'yan ga-ruwa su yi ciniki. Mai gari ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Idi ya kawo makulli a ba wani. Ban ji wannan daga bakin Idi ba. Wani mai kawo gero kasuwa daga ƙauyen ne ya tsaya a shagona ranar Talata ya ce, "Ai ka kama mana ɓarawon." Ni kuwa na san ban kama kowa ba.

Ranar Laraba ina idar da sallar asuba na kama hanya, na isa rana ba ta kai ga farantai ba. Na tarar da Idi zaune a kan dutse a ƙofar ɗakin famfo da ɗan rediyonsa a gefe. Muka gaisa, bai nuna mini komai a fuska ba. Na ce, "Idi, kai ke naɗe wayoyin nan?"

Ya ce, "Ni ne, Malam."

"Ban ce kada ka taɓa komai ba?"

"Ka ce. Amma ƙofar nan ƙasanta a buɗe yake, 'yan awaki na shiga neman inuwa. Randa ka tafi na tarar da ɗaya ta kama farar tana tauna. Na ce kayan mutane ne, in suka cinye me zan ce maka? Shi ne na ɗaga su sama."

Na duba farar, ga shaidar haƙori kuwa. Ina tsaye ina juya ta a hannu sai rediyon Idi ya fara wata irin ƙara, zzzz, ta danne muryar mai magana. Ya miƙa hannu ya rage sauti ba tare da ya ko duba ba. Na ce, "Me ya samu rediyon naka?"

"Ba komai. Rana ce ta hau faranti. Kullum in babban akwatin can ya farka haka yake yi masa." Inbata yake nufi. Sannan ya ƙara da cewa, "Ni da shi ma nake gane ko za a samu ruwa. In jar fitilar ƙaramin ta riga kamawa, ƙarar ta biyo baya da ɗan jimawa, to akwai ruwa. In suka zo tare, ranar sai an kira ka."

Wallahi sai na ji kamar Malam Haruna ne ya miƙo mini guntuwar wayar nan. Farar waya kunnen allo ce. Na ba ta tsawon kamu biyu, na bar bakinta a sake, ga ta kuma a naɗe a jikin kebul ɗin da ya fi komai hayaniya a ɗakin. Ni da na ci abinci da eriya shekara talatin, na ɗaura wa allo eriya da hannuna ban gane ba. Kuma duk ranar da na zo, dokata ta kashewa kafin sokawa ita ke share shaidar. Da na soka adafta kuma, ita ke riƙe kunnen ya nutsu, shi ya sa bai taɓa yi a gabana ba.

Zato ba ya wanke mutum a gaban mai gari, sai na gani da idona. Ranar nan allon ya riga ya tashi lafiya. Na dawo ranar Alhamis da sassafe, na warware shuɗiya da baƙa kawai na soka a adafta, wato in ji abin da allon ke faɗa ba tare da na ce masa komai ba. Farar na bar ta a naɗe yadda Idi ya saba. Muka zauna muna kallon laftof, ni da shi. Allon ya tashi lafiya, ruwa ya zo. Ban taɓa jin haushin ganin ruwa ba sai ranar. Idi ya ce, "Ba komai, Malam, Allah ya san gaskiya." Saura kwana ɗaya.

Ranar Juma'a na sake zuwa. Akwai ɗan gajimare a gabas, rana ta ɓuya a bayansa, sai ta fito gaba ɗaya. Jar fitila ta kama, rediyo ya ce zzzz a lokaci guda. Idi ya ce, "Yau babu." Na zuba wa laftof ido. Layukan farko suka zo, sai wani layi da na sha gani yana wucewa ban taɓa kula shi ba, inda allon ke cewa duk mai son ya tsayar da shi ya danna kowane maɓalli cikin daƙiƙa biyu. An sa shi ne don masu gyara. Ban taɓa komai ba, hannayena suna kan gwiwa, amma sai ga wasu tarkacen haruffa sun fito, allon ya tsaya. Hayaniyar inbata ce ta shiga kunnensa, ya ɗauka mai gyara ne ya danna maɓalli. Ashe duk kwanakin nan bai lalace ba, tsayawa yake yana jiran umarni daga mutumin da ba ya nan, mutane da shanu kuma suna jiransa a rana.

Gyaran bai ci rabin awa ba. Na durƙusa na kwance sukurori takwas ɗin da nake gudu, na cire dogayen wayoyin. Na laƙa razisto mai dubu goma, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta, daga kunne zuwa fil ɗin bolt uku da ɗigo uku, don ya riƙe shi in ba kowa a kan layi. Na kira Injiniya ya nuna mini inda ake canza saitin, yadda allon ba zai ƙara tsayawa don kowane maɓalli ba sai an buga masa wata kalma guda da muka zaɓa. Wayar da nake aiki da ita yanzu ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a murɗe take da ta ƙasa, kuma in na gama a jakata take komawa. Tun ranar siriyal bai ƙara yi mini gardama a wurin ba.

Wanda ya fi wuya shi ne na bayan masallaci. Mai gari na zaune a ƙofar gidansa, dattawa sun kewaye shi, Idi ya zo ya durƙusa ya ajiye makulli a kan tabarma. Na nemi izini na ce, "Ranka ya daɗe, na ce ana taɓa kayan nan. An taɓa, amma wanda ya ɓata su ni ne." Na fito da farar wayar na nuna musu shaidar haƙorin akuya. Na yi bayanin eriya da rediyon Idi, don kowa a wurin ya san yadda rediyo ke yi in an kusanto da shi injin. Wani dattijo ya ce, "Wato ƙiwar kwance sukurori ce ta hana mu ruwa?" Na ce ita ce. Aka yi dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Mai gari bai yi dariya ba. Ya tura makullin gaban Idi da yatsa ya ce, "Ɗauki abinka. Mu ma mun yi saurin ji."

Idi ya rako ni har inda na ajiye mashin. Ya naɗe wayoyin uku tsaf, irin naɗin da yake yi musu a jikin kebul, ya miƙo mini. Su ne waɗancan da kuke gani a ƙusa bayan kaina, kuna tambaya me ya sa ban yar ba. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ba komai. Na ce, "Amma Idi, ka san maganar fitila da ƙarar nan tun yaushe?"

Ya ce, "Tun tsayawa ta biyu."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Ya gyara rediyonsa a hammata ya ce, "Ai in ka zo, Malam, gaisawa kawai muke yi ka wuce wurin akwatin. Na ga shi kake tambaya."